Iya Kubura, Wadda Ta Riƙe Hannun Innarmu

Duk wanda ya bi ta Kalgo da sassafe ya san tsamiyar nan ta bakin hanyar bariki, ya kuma san tsohuwar da ke share gindinta. Da ta idar da sallar asuba take fitowa da tsintsiya da tabarmi biyu, ɗaya ta maza ɗaya ta mata, ta cika tulu da ruwa ta ajiye a inuwa, sannan ta zauna ta miƙe ƙafafu. Kafin rana ta yi zafi wurin ya cika. Ga mai niyyar Gabas, wato hajji, da iyalinsa da jakinsa, ga ɗan fataucin goro mai komawa Kumasi, ga Bafillacen da shanunsa suka ƙetara ƙasar Faransa suka bar shi a nan yana zare ido. Baƙo yakan ɗauka magani take bayarwa. Iya Kubura ke nan, kuma abin da ake zuwa nema wurinta shi ne yadda mutum zai fita ƙasar nan da takarda, ya zauna a ƙasar wasu ba a kama shi ba, ya dawo gida in Allah ya nufa.

Kakanninmu ba su san wannan wahala ba. Mutum ya ɗauki sandarsa da butarsa ya yi sallama da dangi, shi ke nan, ƙasa ta Allah ce. Tun da Nasara suka zo suka yanka ta gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa sai da ta samu ƙofa da mai tsaronta. Yanzu sai ka nemi takardar hanya, wadda suke ce wa fasfo. Sai an yi maka lambar agana a dantse. Sai ka dangwala babban yatsa a tawada, kwanan nan ma har da hoto. Idan ka isa ƙasar da za ka, sai sun buga maka hatimin shiga, kuma hatimin yana da wa'adi, in ya ƙare ba ka sabunta ba ka zama mai laifi kana zaune a ɗakinka. Mutanenmu kuwa, Allah ya shirye mu, mun iya haddar littafi guda, amma ka ce mu riƙe dokar takarda ɗaya sai kanmu ya ɗau zafi.

A nan Iya Kubura take shigowa. Takan sa mutum a gaba ta yi masa tambayar da ko surukarsa ba ta yi masa ba. Su wa za ka tafi da su? Wannan na goye fa, an rubuta shi? Domin yaron da ba ya cikin takardar ubansa, masu tsaron iyaka sukan ce sato shi aka yi za a kai shi a sayar, su raba shi da uwarsa ana kallo. Idan ta gama tankaɗe kowa, sai ta ɗauki sandarta ta wuce gaba, ayari na biye, har tagar ofishin takardu a bariki. Ita ce tafinta, da Hausa da Fillanci da Zabarmanci da ɗan Larabcin da ta tsinto a hanya. Ita ce mai kama yatsan mata ta dangwala, don mazansu ba su yarda wani ƙato ya taɓa hannun iyalinsu ba. Ba ta karatu, ba ta cikin ma'aikatan hukuma, ba wanda ya naɗa ta. Akawuna dai sun saba da ita, har in ba ta zo ba sukan tambayi masinja ko lafiya.

Labaranta suna da yawa a bakin mutane. Kowa ya san na Garba mutumin Maruda, wanda ya karɓi takardarsa da hannu biyu, ya ga rubutu ne mai daraja, ya kai wa baduku ya ɗinke ta ruf cikin fata kamar laya ya rataya a wuya. Da ya isa iyaka sojan Faransa ya ce ya buɗe, Garba ya ce ai laya ba a buɗe ta, sai ta karye. Ya kwana a tsare, aka farke fatar da wuƙa, aka yanke rabin hatimin, aka koro shi gida. Iya Kubura ta yi dariya har da hawaye, sannan ta koma da shi bariki ta roƙa aka sake masa wata. Daga ranar ta sa dukawan Kalgo suka fara ɗinka 'yar jaka mai marfi, wadda ruwa ba ya shiga kuma ana buɗewa. Yau ba matafiyin da ke barin ƙasar Gwandu babu irinta a wuyansa, kuma da yawa ba su san wadda ta ƙirƙiro ta ba.

Akwai kuma wani mutumin Ceberu da ya ara wa ƙanensa takardarsa, yadda ake aron riga ranar salla. Da aka kama ƙanen a Gaya ta ƙasar Faransa, ita ta taka har can da wan, ta tsaya gaban mai mulkin wurin ta yi ta bayani har ya gane wauta ce ba cuta ba, ya sake shi.

In ka tambaye ta abin da ya sa take wannan wahala, ba ta tsawaita magana. Tana amarya suka tashi Gabas da mijinta a ƙasa, suna tafe suna ƙwadago, shekaru suka shuɗe kafin su ga Bahar Maliya a garin Sawakin. A can mijin ya rasu, takardar da aka ba su a hanya kuwa sunansa kaɗai ke ciki. Aka ajiye ta a sansanin waɗanda ba su da shaida, tana kallon jirage suna tashi da alhazai, har ta haƙura ta juyo gida ba ta ga Ka'aba ba. Abin da takan ce shi ne, "Ni na sha, ya isa. Kar wani shi sha."

Iya, ke ce kika mai da baƙin cikinki inuwa ga mutane. Uwar matafiya, mai gaba da sanda. Bana gwiwoyinki sun ce sun gaji da hanyar bariki, kin ce za ki zauna gida, shi ya sa na ga bai kamata ki tashi daga gindin tsamiyar nan shiru ba. Ni Lukuman ɗan Wurogauri, mai karantar da yara a Gwandu, ina da nawa labarin a kanki, kuma ya fi na Garba nauyi.

Ina da wa, sunansa na yanka Haliru. Shi ne ɗan farin innarmu Salamatu. Wanda ya san Fulanin ƙasarmu ya san abin da ke tsakanin uwa da ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta yarda a ce nata ne. Da an yaye shi sai a miƙa wa wata a dangi. Haliru ƙanwar babanmu aka ba, Goggo Hassana, shi ya sa duk ruga ake ce masa Nagoggo. Ni kuwa da na zo daga baya, Inna tana kiran sunana daga safe har dare, rabinsa da faɗa, har ma da ni ake kiranta, Uwar Lukuman.

Shekarar da Nasara suka shiga Sakkwato, mutane da yawa suka ce ba za su zauna ba, suka yi hijira Gabas. Goggo Hassana da mijinta suna cikinsu, suka tafi da Nagoggo yana yaro mai bin maruƙa. Ni ba a haife ni ba tukuna. Suka zauna ƙasar Sudan, Goggo da mijinta suka rasu a can, babanmu ya rasu a nan. Nagoggo ya girma, ya yi gona, ya yi aure, labarinsa yakan zo mana jefi-jefi a bakin alhazai. In ana ba da labarin, Inna takan tashi ta ce za ta duba maruƙa, amma ba ta yin nisan da murya ba za ta kai ba.

Shi dai ya shiga ƙasar tun ba a san takarda ba, don haka bai taɓa mallakar ko ɗaya ba. Da ya tashi zuwa hajji sai ya bi ƙananan jiragen ruwan da ke ƙetarar da mutane a ɓoye. Ya sauke farali lafiya. A dawowa aka kama shi a Sawakin. Matarsa da 'ya'yansa biyu suna cikin takardar surukinsa, aka bar su suka wuce, shi aka tsare shi. Hukumar can ta ce ba ɗan ƙasarsu ba ne, kuma ba abin da ya nuna ɗan tamu ne. Suka aiko bariki da tambaya: in akwai uba ko uwa a ƙasar Gwandu da zai dangwala yatsa cewa shi ya haifi wannan mutum, za a ba shi fasfo a sake shi. In babu, da jiragen alhazai sun sake tashi za a mayar da shi inda ya fito. Kowa kuwa ya san baƙin mutum marar takarda, marar dangi, in aka zubar da shi a waccan gaɓar, sau da yawa ba a ƙara jin ɗuriyarsa.

Akawun da ya kawo tambayar Wurogauri mutumin kirki ne, daga can wajen Lakwaja, yana jin Hausa sarai. Ya yi abin da ya ga shi ne girmamawa. Ya sa Arɗo ya tara dattawan ruga a ƙofar gida, aka shimfiɗa tabarmi, aka kira Inna gaban surukanta da ƙannen mijinta. Ranar Iya Kubura tana Gwandu ta raka wasu, ba wanda ya yi tunanin a jira ta.

Akawu ya gyara murya ya ce, "Mama, Haliru ɗanki ne?"

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "Ni ban da ɗa mai wanga suna."

Ya sake tambaya a hankali, ko ba ta ji ba. Ta ce, "Na Goggo na. Ɗan Hassana na, ku tambayi kowa."

Dattawa suka gyaɗa kai, don a wurinsu ta yi abin da 'yar mutunci take yi. Ni na miƙe na ce, "Malam, wallahi ɗanta na, wana na, ciki guda!" Akawu ya tambaye ni ko na taɓa ganinsa. Na ce a'a. Ya ce to shaidata ba ta shiga, kuma shi ba ya rubuta abin da ba a faɗa ba. Ya rubuta cewa matar ta ce ba ita ta haife shi ba, ya naɗe takardarsa ya hau dokinsa. Inna ta tashi ta shiga bukka, na ji tana ta kankare ƙwaryar da tun safe aka wanke.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na taka zuwa Kalgo ina tafe ina magana ni kaɗai, na tarar da Iya Kubura ta dawo ke nan tana jiƙa ƙafafu a ruwan ɗumi. Na zazzage mata komai, har da cewa al'adar da za ta kashe mutum ba al'ada ba ce. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Kai dai malami na, amma ba ka san uwakka ba. Gaban surukanta anka tambaye ta? To mi kaka so ta ce? Zamna ka sha ruwa."

Washegari ta riga akawu isa ofis. Masinja ya gaya mini yadda suka yi. Ba ta ce masa ya yi kuskure ba. Ta gaishe shi, ta tambayi iyali, sannan ta ce, "Malam, can garinku, macce tana kiran sunan uban mijinta?" Ya yi dariya ya ce ko da wasa, sai dai ta ce baba. Ta ce, "To mu nan ɗan hwari na ba a kira. Wanda duk Bahillata tac ce ba nata na ba, tana ruhe huska, shi na nata na gaske." Akawu ya ce ya gane, kuma abin ya dame shi. Amma ya ce doka tana son yatsan uwa a ƙarƙashin kalmar cewa ita ta haife shi, kuma sai ya gani da idonsa ba tilasta ta aka yi ba. Abin da zai iya shi ne ya riƙe amsar kada ta bi mai ɗaukar wasiƙu na wannan mako, ta jira na gaba. Iya Kubura ta ce ya isa.

Ta zo Wurogauri da 'yar ƙunshinta ta ce ta zo shan nono ne, wai an ce yana maganin gwiwa. Ta sauka bukkar Inna. Ni ina ta safa da marwa ina jira a fara maganar, su kuwa suna ta hirar tsadar gishiri da ciwon baya. Ta taya ta kaɗa nono, ta taya ta tsince gero. Na ja ta gefe na ce, "Iya, lokaci hwa yana tahiya." Ta ce, "Koma ma yaranka ka koya musu baƙi, ka bar min nawa aiki."

Ban koma ba. Na laɓe bayan zana, kuma ban ji kunyar laɓewar ba. Da yamma suna sussukar gero sai Iya Kubura ta fara ba da labarin kanta, yadda aka tsare ta a Sawakin. Ba ta ambaci kowa ba sai ita. Ta faɗi yadda ruwan wurin yake da gishiri, yadda rana take dukan rumfar kwano, yadda mutum yakan tsaya bakin wayar shinge yana duban hanya ko wani zai zo ya ce ya san shi. Ta ce abin da ya fi yunwa ciwo shi ne a kira ka a tambaye ka kai ɗan wa ne, ka faɗa, a ce ba wanda ya amsa.

Taɓaryar Inna ta tsaya. Can ta ce, "Waɗanda aka tsarewa can, ana ba su nono?"

Iya Kubura ta ce, "Ina suka ga nono, Uwar Lukuman?"

Aka ci gaba da sussuka. Jim kaɗan Inna ta sake cewa, "Mutum in shina da ciwon ƙirji tun shina ƙarami, iskan teku tana tasshe shi?"

"Tana tasshe shi ƙwarai."

Daga nan ban ƙara jin taɓarya ba. Da na leƙa, Inna tana zaune a kan turmin da ta kifar, ta juya baya, kafaɗunta suna rawa. Iya Kubura ba ta rarrashe ta ba, ba ta kuma ce mata ta daure ta faɗi sunan ba. Ta matsa kusa ta ce, "Ba ni sa ki hwaɗi abin da bakinki bai iyawa. Ni ka hwaɗi. Ke dai ba ni hannunki. In ƙarya niy yi, ki zare abinki."

Haka aka yi. Ranar da akawu ya dawo, Iya Kubura ta kori duk dattawan, ta ce Arɗo kaɗai ya isa shaida, shi ma ya zauna nesa ya dubi gabas. Inna tana cikin bukka, an saki asabari a ƙofa. Iya Kubura ta zauna a bakin ƙofar, rabinta ciki rabinta waje. Akawu ya durƙusa a kan tabarma da takardarsa da tawadarsa. Sai ga hannun Inna ya fito ta ƙarƙashin asabari, siriri, da awarwaronta guda na tagulla. Iya Kubura ta ɗora shi a kan tafinta, ta buɗe yatsunta sarai don akawu ya ga ba riƙe shi ta yi ba.

Ta ɗaga murya ta ce, "Salamatu, Haliru da aka ce ma Nagoggo, ke kinka haihe shi, nan Wurogauri, shi na ɗanki na hwari."

Awarwaron ya yi 'yar ƙara. Hannun bai koma ciki ba.

Akawu ya ce a sake faɗa, ta sake. Sannan ya shafa tawada a ɗan allonsa ya miƙa. Kafin Iya Kubura ta kama yatsan kamar yadda ta saba, hannun ya bar tafinta da kansa, ya lalubi tawadar, ya lalubi takardar, ya danna. Ya daɗe a wurin, har sai da akawu ya ce, "Ya isa, Mama, ya fito."

Yana naɗe takarda sai muka ji muryar Inna daga ciki, ƙasa-ƙasa, da Iya Kubura take magana. "Ki ce ma baƙo, wani maraƙi ya taɓa halbin wani yaro bisa gira ta hagu. Ko shina da amfani." Akawu ya duba kwatancen da aka aiko daga Sawakin, ya ɗago ya dube ni, ya ce da tabo a girar hagu. Ya rubuta wannan ma. Da zai hau doki na ga yana share ido da hannun riga, ya ce ƙura ce.

Iya, ke ce kika san cewa Inna ba ƙin ɗanta take yi ba, kuma akawu ba mugunta yake yi ba. Ni da na tsaya a tsakiya ina ganin dole ɗaya ya karye, ko dokar Nasara ko kunyar uwata. Ke kika zauna a bakin ƙofa kika bar kowa da mutuncinsa. Wallahi ko yau na tuna hannun nan a kan tafinki sai idona ya cika.

Sai jira. Damina ta zo ta wuce, aka yi girbi, ba labari. Kullum na bi ta Kalgo sai Iya Kubura ta ce takarda tafiyar raƙumi take yi, in yi haƙuri. Ita kuma duk zuwanta bariki sai ta tsaya tagar akawu ta tambaya, har ya riƙa girgiza mata kai tun daga nesa. Rannan ya fito da kansa ya tarye ta a hanya, ya ce amsa ta isa kafin jirage su tashi, an ba mutumin fasfo, kuma ya ce gida zai zo. Ta aiko mini Gwandu, na bar yara da allunansu na kama hanya.

Bayan wata damina suka iso. Kalgo suka fara sauka, don matafiya sun gaya masa tun a hanya cewa in ya isa ya nemi tsohuwar gindin tsamiya. Ita ta rako su Wurogauri da hantsi, tana gaba da sandarta tana ɗingishi. Dogon mutum ne, baƙi, ya rame, ga tabo a gira. Hausarsa ta cakuɗe da Larabci. Ruga ta ruɗe da guɗa, tsofaffi suna ta shafa kansa suna kuka, ni kuwa na rungume wan da ban taɓa gani ba na rasa abin cewa. Da na waiwaya neman Inna, ta ɗauki ƙwarya ta fice ta bayan gida wajen shanu. Matar Nagoggo, wadda a can aka haife ta, ta tambaye ni ko tsohuwar fushi take yi. Na ce a'a, murna ce.

Sai bayan la'asar ta dawo, mutane sun ragu. Iya Kubura tana zaune a tabarma a tsakar gida, Nagoggo yana gefenta na dama. Inna ta zo ta gefen hagu, fuska a juye, ta dire ƙwaryar nono mai ɗumi da curin man shanu a kai, a gaban Iya Kubura.

Ta ce, "Kubura, ki ba baƙonki. Ki ce mai shi shanye, ya rame."

Iya Kubura ta tura ƙwaryar dama ta ce, "Baƙo, an ce ka shanye, ka rame."

Nagoggo ya ɗauka da hannu biyu, ya kafa kai, bai sauke ba sai da ya ga gindin ƙwarya. Hawaye yana bin gemunsa. Ya ce, "Iya, ki ce wa mai nonon, baƙo ya gode. Ki ce mata bai manta ɗanɗanonsa ba."

Iya Kubura ta juya hagu ta faɗa, kalma bayan kalma, kamar Inna ba ta ji ba. Inna ta ce, "Ki tambaye shi ƙirjin." Haka suka yi ta yi har rana ta faɗi, uwa da ɗa, tsakaninsu bai fi taku biyu ba, tsohuwar nan tana karɓar magana daga wannan tana miƙa wa wancan, ba ta gaji ba, ba ta kuma yi dariya ba. Ni ne na yi dariyar, ina yi ina share hanci.

Jama'ar Gwandu da Kalgo, masu fita ba za su daina fita ba, dokokin takarda kuwa ƙaruwa suke yi. 'Yan'uwanmu suna zaune Kumasi da Dosso da Sudan, kowannensu wata rana zai buƙaci wani a gida ya ce ya san shi. Tabarmin Iya Kubura suna nan, tulunta yana nan. Ina roƙon matanmu masu jin harsuna da samarinmu da suka yi karatun boko, wani ya je ya zauna kusa da ita tun tana iya magana. Dokokin ana iya koyonsu a bariki. Abin da za ku koya a wurinta shi ne yadda ake sauraron mutum har a ji abin da bai iya faɗa ba.

Iya Kubura, mun gode. Allah ya ba gwiwoyinki sauƙi, ya sa abin da kika yi wa bayinsa ya tsaya miki ranar da ba mai tsaya wa wani. Nagoggo ya ce in gaishe ki, 'ya'yansa sun fara jin Fillanci, ƙaramar har ta iya tatsa.

Da zan rubuta wannan na je wurin Inna na ce, "Inna, ina rubuta godiya ga Iya Kubura, za a karanta gaban mutane. Mi za ni ce kin ce?" Ta ce ita ba ta da magana, in tashi in ba ta wuri, na cika surutu tun ina yaro. Na tashi. Har na kai bakin zana sai ta kira ni, ba ta ɗago daga ƙwaryar da take gogewa ba.

Ta ce, "Lukuman. Ka ce mata, tun randa baƙonta yaz zo nika barci."